Watan da Na Gaida Mamaci

A duk faɗin ƙasar Faransa, ƙofa ɗaya ce na taɓa shiga ba tare da na buga ba. Tana saman wani tsohon bene a arewacin Paris, gidan wani Alhaji ɗan garinmu Damagaram da matarsa Hajiya. Su suka sauke ni lokacin da na zo ƙasar nan da jaka ɗaya da takalmin da bai san sanyi ba. Na kwana a falonsu har na manta ni baƙo ne. Alhaji yana da butik na atamfa da shadda, yana kuma da ciwon gwiwa wanda ya fi butik ɗin suna. Hajiya kuwa ita ce take yi wa matanmu wanka idan sun rasu, don haka ba ta da yawan magana, ba ta kuma da saurin firgita. Wannan ƙofar ce na kusa rufe wa kaina saboda finafinan tsoro, kuma babu wanda zan ɗora wa laifin sai ni.

Da na samu aiki a Lyon, a wani butik na kayan miya a unguwar Guillotière, kowace Juma'a nake kiran su. Daga baya ya koma wata-wata. Daga baya ya koma sai Sallah. Wanda ya san mutanenmu ya san inda matsalar take. Idan ka daɗe ba ka kira babba ba, ba ka da ikon ka ce "ça va", gajeriyar gaisuwar Faransawa, ka kashe waya. Sai ka gaishe shi, ka gaida gida, ka tambayi jiki da kasuwa da sanyi, sannan ka tsaya a wanke ka tas. Duk ranar da na ɗauki salula sai in ga gaisuwar ta ƙara tsawo, in ce sai gobe. Cikin azumi Hajiya ta kira ni. Ina ganin sunanta yana haske a hannuna, na bar wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Washegari ta sake kira. Na ce bayan Sallah zan kira in haɗa da barka da shan ruwa. Ban kira ba.

Laifina na biyu baki ne. Da kaka ta shigo, shagunan unguwa suka fara jera kabewa a taga, an fafe ta an yanka mata ido da haƙora. Akwai wani Bakano mai gadin wani babban kanti da yake zuwa wajenmu sayen daddawa da kuka. Tsakanin Bakano da mutumin Damagaram ba a rabuwa sai an taɓa juna, haka muka tarar.

"Bawana," in ji shi, "na ga ka canja hanya, ka daina bi ta gaban mai kabewa."

Na ce, "Kabewar da za a yi taushe da ita? Ni da na tashi bayan maƙabarta, katangarmu ɗaya da matattu. Duk fatalwar Turawa a tara mini su, ko tari ba zan yi ba."

Maganar gaskiya, gidanmu bayan tashar mota yake. Maƙabarta kuwa, ko da rana tsaka zagaye nake yi mata.

"To, oga," in ji Bakano, yana ƙara murya saboda matan da ke zaɓen busasshen kifi su ji, "ga wata guda Turawa sun ware wa finafinan tsoro. Kullum fim ɗaya. Ka yi mana fassara kai tsaye a intanet, mu ga fuskar taka."

Matan suka daina zaɓen kifi. Na ce ai wannan ba aiki ba ne, hutu ne.

Haka aka fara. Ɗakina yana Vaulx-en-Velin a bayan gari, sai ka sauka daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka ƙara da motar bis. Na sayi tsohuwar tele, na jingina salula a jikin gwangwanin madara tana kallon fuskata. Da safe in sanar da fim ɗin ranar, kowa ya nemi nasa. Bayan magariba in ce "Bismillah, ku danna," mu fara tare, ni ina juya Faransancin zuwa Hausa. Na ce wa mutane na zaɓi wannan lokacin ne don na gida su samu su kwanta da wuri. Don kaina na zaɓa, kada dare ya tsala ina gaban tele. Karatuna bai wuce firamare ba, amma fassarar ba ta ba ni wahala ba, domin mutanen cikin waɗannan finafinai ba su da magana sai "Akwai wani a nan?" da "Kada ka buɗe." Masu kallo suka taru daga Lyon da Paris da Maraɗi da Tawa da Kano. Wasu ma ba su da fim ɗin, fuskata kawai suke kallo suna jin ƙarar telen.

Ranar farko na riƙe kaina har wata mata ta ɗauki fitila ta nufi ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kiɗan ya yi siriri kamar kukan sauro. A daidai nan idona ya sauka kan salula, na ga an rubuta cewa wani dattijo daga Maraɗi ya shigo.

Na ce, "A'a, Malam, barka da zuwa. Ina wuni? Ya gida? Ya iyali? Ya aka ji da aikin gona? An fara yankan gero?"

A cikin tele matar ta ƙwalla ƙara, wani abu ya karye, wani abu ya tauna. Ni idona yana kan salula ina tambayar lafiyar jikoki. Da kiɗan ya lafa na ɗago kai, na gyara zama na ce, "To, jama'a, kun ga abin da ya faru. Wa zai faɗa mana, mu ga ko kuna bi?" Nan da nan suka rubuto mini duka, har da launin jinin. Na ce madalla, haka ne.

Daga ranar na samu sana'a. Da zarar kiɗa ya canja sai in nemi babba a cikin masu kallo in durƙusa masa da baki. Ƙaramin tsoro, "ina wuni, ya gida" ya isa. Idan dodon yana da aiki da yawa sai in shiga dangi, in bi su ɗaya bayan ɗaya, in tambayi wanda ya yi karaya bara, in yi addu'ar damina mai zuwa. Babu wanda zai ce ka katse gaisuwar babba don ka kalli fim. Mutane suka fara yabona. Suka ce ga jarumta ga tarbiyya, ana cin mutum a gabansa amma bai manta da manya ba. Wata mata ta rubuto cewa tana zaunar da 'ya'yanta su koyi gaisuwa a wajena. Bakano ya zo butik ya dube ni sama da ƙasa.

"Akwai wata a ƙasa," in ji shi. "Ban gano ta ba tukuna. Zuba mini kuka."

Da wata ya raba sai manya suka ƙare. Wani dattijon Tawa ya rubuto cewa yana godiya, amma an gaishe shi sau da yawa a fim ɗaya, lafiyar tasa ba ta canja ba tun ɗazu. Sai na fara gaida waɗanda ba su shigo ba. Rubutu yana gudu a salula, ba wanda yake bin sunaye. In kira wani kawuna, in gaishe shi, in yi shiru kamar ina karanta amsa, in ce "Alhamdu lillahi." Na gaida maƙwabtanmu na Damagaram, na gaida malamin da ya koya mini baƙi. Abin ya yi ta tafiya lami lafiya.

Sai ranar fim ɗin wata tsohuwa da take fitowa daga madubi. Wannan fim ba shi da hutu. Na ƙarar da kawunnai, na ƙarar da maƙwabta, tsohuwar ba ta gama fitowa ba. Na laluba cikin kaina, sunan da ya zo mini shi ne wanda na fi gudun kira.

Na ce, "Ikon Allah, yau babban baƙo gare mu. Alhajina na Paris, mai atamfa, wanda ya sauke ni a ƙasar nan. Alhaji, ina wuni? Ya kwana biyu? Ya Hajiya?" Na yi shiru. "Madalla. Ya ƙafar, Alhaji? Da sauƙi? Kai, alhamdu lillahi."

Tsohuwar tana jan wani abu a ƙasa, don haka na ci gaba. Na san Alhaji yakan gudu gida idan sanyi ya kusa, sai na ƙara gishiri.

"Jama'a, ya ce inda yake yanzu babu sanyi, hutawa kawai yake yi. Ya ce ƙafar ma ta daina damunsa gaba ɗaya. Ya ce yana gaida kowa, sai mun zo."

Rubutun da ke gudu a salula ya tsaya cak. Sannan ya ɓalle. Inna lillahi. Wane Alhaji? Mai atamfa? Wani daga Paris ya rubuta: Alhaji ya rasu tun cikin azumi, ni na riƙe makara.

A ranar ne na fara kallon fim ɗin tsoro da idona, domin tsohuwar madubi ta fi mini sauƙin kallo a kan salular. Cikin azumi. Kiran da na bari ya yi ta ƙara. Mutumin da ya saya mini rigar sanyi ta farko an yi masa sallah an kai shi, ni ina auna kuɓewa. Ya kamata in kashe komai in yi kuka. Amma mutane suna kallo, kuma a gabana abu biyu ne: ko in ce ban san ubangidana ya rasu ba tun azumi, ko in ce wani abu daban. Na dubi salula na ce:

"Na sani."

Wannan ita ce ƙaryar da ta fi duka, kuma ita ce mafi gajarta.

Kafin gari ya waye an yanko wurin daga bidiyon an watsa a intanet. Masu kallo suka ninka. Aka ce dama an ga alama, mutumin da dodo ba ya ɗaga masa gira ai ba haka kawai ba ne. Wata mata ta zo butik ba ta sayi komai ba, ta ce in na sake haɗuwa da matattu in gaya wa uwarta an yi bikin autar. Wani ya ce in tambayi yayansa ko ya yafe masa. Wani malami ya aiko da doguwar murya yana cewa in tuba. Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. In an tambaye ni sai in sunkuyar da kai in ce, "Ba komai ake faɗi ba." Patron, mai butik ɗinmu, ya ji daɗi, domin masu zuwa kallona sukan tafi da man ja.

Ni kuwa tsoron da na yi ta kauce wa ya same ni a tsaye. Na daina sauka ɗakin ƙasa inda muke ajiye buhunan shinkafa, na ce bayana ke ciwo. Na juya madubin ɗakina yana kallon bango. A cikin tram, jirgin cikin gari, idan kujerar kusa da ni ba kowa, sai in tashi in tsaya. Duk dattijon da na gani yana ɗingishi sai in tsallaka titi.

Bakano ne kaɗai bai yarda ba. "Kai da matattu?" in ji shi. "Kai da ɓera ya taɓa korar ka daga bayan kanta? Ka dai yi wata ɓarnar, kana rufe ta da babbar riga."

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, salula ta yi ƙara, sunan Hajiya yana haske. Wannan karon na ɗauka. Na buɗe baki zan fara jero gaisuwa.

"Ajiye ta," in ji ta. "Na ji irinta a intanet. Ka zo Lahadi, ka zo da wayar taka."

Lahadin ita ce ranar fim na ƙarshe. Na shiga jirgin ƙasa da safe da ledar dabino a cinya. Duk tsawon hanya ina shirya magana. Wani lokaci in shirya gaskiya, wani lokaci in shirya cewa mafarki na yi. Har muka shiga Paris ban zaɓi ɗaya ba. Na hau benen, na tsaya gaban ƙofar da na saba turawa da kafaɗa, na buga.

Ta buɗe, ta dube ni, ta koma ciki ba ta ce in shigo ba, ba ta kuma rufe ba. Na cire takalmi na bi ta. Falon yana nan yadda na san shi, da ƙamshin turaren wuta da dilolin atamfa a kusurwa. Kujerar Alhaji tana gefen taga, da ɗan matashin da yake ɗora ƙafa.

Hajiya ta nuna kujerar da haɓa. "Ga shi nan. Gaishe shi. Ni tun azumi nake magana ba ya amsa mini, ashe ku yake amsa wa a Lyon."

Na durƙusa. Na faɗi komai, ba a jere ba. Na faɗi kabewa da maƙabarta da tashar mota, na faɗi dattijon Maraɗi da kawunnan da ba su shigo ba, na faɗi kiran da na ƙi ɗauka. Na ce ban san ya rasu ba, kuma na ji kunyar in ce ban sani ba. Ina magana hanci yana zuba.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ai tun a ranar na san ƙarya ce. Jikar maƙwabciyata ta kawo mini na gani. Ka ce masa ya ƙafa, wai ya ce da sauƙi. Tun da na auri mutumin nan bai taɓa ce wa ƙafar nan da sauƙi ba. Da shi ne, da fim ɗin ya ƙare, an fara wani, bai gama ba ka labarin gwiwa ba."

Na yi dariya cikin kuka, na kuma ji kunyar dariyar.

"Abin da ya ƙona mini rai," in ji ta, "ya tambaye ka a asibiti. Na ce aiki ne ya riƙe ka. Ka sa na yi wa mara lafiya ƙarya." Ta gyara bakin mayafi. "Amma ka tuna da ƙafar. Masu zuwa gaisuwa duka kirkinsa suke faɗi, babu wanda ya ambaci ƙafar. Tashi ka wanke fuska. Ina wayar?"

Ba ta jira magariba ba. Ta ce da la'asar za a yi, labule a buɗe, tana da tuwo a wuta. Ta sa na jingina salula a jikin fulas ɗin shayi, ta zauna kusa da ni a doguwar kujera. Da mutane suka taru ta ce, "Faɗa musu." Na faɗa musu. Na ce ban taɓa ganin mamaci ba, kuma rabin finafinan watan nan ma ban gan su ba. Na nemi gafarar matar da ta aike ni wajen uwarta, da mai neman yafiyar yayansa. Sannan na juya na yi wa Hajiya ta'aziyya yadda ake yi, tun daga farko har ƙarshe, ita tana amsa kowace gaɓa, ba ta rage mini ko ɗaya ba. Masu kallo suka yi ta rubuta amin. A tsakiyar amin ɗin na hango Bakano ya rubuta: Na gaya muku.

"Yanzu danna," in ji Hajiya. "Duk wanda ya shigo ni zan gaishe shi. Kai idonka a kan tele."

Ba zan ɓoye yadda na yi ba, tunda akwai masu shaida. Da kiɗa ya canja na nemi salula da ido, ta juya mini kai da yatsa ɗaya. Wani dattijo ya shigo, ta ce, "Malam, sannu, zauna," ta gama. Da abin ya faɗo daga rufi na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba, na rungumi matashin ƙafar Alhaji, na ture shayi. Fassara ta gagara. Hajiya ta karɓa, ko da yake Faransancinta na kasuwa ne.

"Ku dubi wannan," in ji ta. "Za ta shiga ɗaki mai duhu babu bismilla, babu sallama. Gidan ma a share shi mana, dole abu ya zauna a ciki. Wannan kuma wai gawa ce? Gawa ba ta yin wannan launin. Ba su taɓa gani ba, shi ya sa."

Ba a taɓa taruwa irin ta ranar ba. Mutane suka ce baɗi Hajiya suke so, ni a bar ni in riƙa riƙe matashi. Ta ce ita ba ta da lokacin wasan yara, amma ta tambaye ni ko matar fim ɗin ta tsira a ƙarshe, domin ta tashi duba tuwo. Wannan karon na iya ba da amsa da kaina.

Na ci tuwo da miyar kuka a inda na saba zama, a ƙasa kusa da kujerar taga. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban yi ƙarfin halin tambaya ba. Da zan tafi kama jirgi ta shiga kicin ta fito da kwanon silba mai murfi, ta ɗaure shi da ɗankwali, da dambu a ciki.

"Kwanon nan nawa ne, ba kyauta ba ne," in ji ta. "Ka dawo mini da shi da hannunka, kada ka aiko. Kuma wannan buga ƙofar da ka koyo, ka bar shi a Lyon. Na ɗauka mai duba wuta ne, har na kashe rishona."

Na sauka benen da kwano a ƙirji. Ban san an kafa sabon madubi a bakin ƙofar fita ba sai da na ga mutum ya taso mini da ƙunshi a hannu. Saura kaɗan dambun ya zube.